Nazarin lamari: ƙaramar gonar da aikin kullum ya hana ta aikin shekara

Wannan bayani ne a kan wata ƙaramar gona da iyalin da ke zaune a cikinta, tun daga shekarar da suka tare har zuwa ta biyar. Burinsu ba mai nisa ba ne: su ci abin da suka noma, su tatsi awakinsu, su ɗebi ƙwai a akurkinsu, abin da ya yi saura su sayar su sayi abin da ƙasa ba ta fitarwa. Irin wannan gona ita ta fi yawa a duniya. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna kusan kashi 84 cikin 100 na gonakin duniya ba su kai hekta 2 ba, kuma su ke samar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake ci. Wannan gida bai gamu da fari ko ambaliya ba. Aiki ne ya yi ta taruwa kaɗan-kaɗan har wuni ya daina isa.

## Shekara ta 1: yadda gonar take

Filin hekta ɗaya ne da ɗan ɗori. Gidan yana kan tudu a kusurwa guda, rijiya kuma tana gangare, kimanin mita 100 daga ƙofa. An kafa akurki da turken awaki a bayan ɗaki don a riƙa jin motsinsu da dare. Lambu an kai shi wani gefe inda ƙasa ta fi baƙi, shi ma mita 100 ne tsakaninsa da rijiyar. Kowane wuri da dalilin da ya sa aka ajiye shi inda yake, amma ba wanda ya auna tazarar da ke tsakaninsu.

Mutanen gidan biyar ne: maigida, uwargida, 'yarsu ta fari mai shekara 12 da ƙannenta maza biyu. Yara na makaranta da safe, don haka aikin a hannun manyan biyu yake. Sun shuka masara, wake da gyaɗa. Suna da kaji 12, awaki mata 3, da fangali 8 a lambu, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 5.

Aikin safe a lokacin sananne ne. A buɗe akurki, a watsa wa kaji tsaba, a wanke kwanon ruwansu a sake wani, a fitar da awaki a ɗaure su inda za su yi kiwo, a share turke, a yi ban ruwa. Kafin hantsi ya ɗaga an gama, an wuce babbar gona. Da yamma a kwashe ƙwai, a dawo da awaki, a ƙirga kaji, a rufe akurki kafin duhu saboda muzuru. Duka-duka bai wuce sa'a biyu da rabi ba. Sauran wunin na noma ne, da gyaran danga, da juya taki, da hutu.

## Shekara ta 2: ƙari a kan ƙari

Shekarar farko ta yi albarka, albarkar ce kuma ta buɗe ƙofar ƙari. Kaji suka yi kwanci, kwana 21 suka ƙyanƙyashe, aka bar 'yan tsakin duka don ba a ga dalilin rabuwa da su ba. Akuya wata biyar take goyon ciki, kimanin kwana 150, kuma biyu daga cikin ukun tagwaye suka haifa. Aka sayi bunsuru don a huta da aro. Wani ɗan'uwa ya ba su agwagi 6. Yara suka roƙi zomaye aka haɗa musu keji. Zomanya wata ɗaya kacal take ɗaukar ciki, kafin shekara ta zagayo kejin ya zama huɗu. Kayan lambu suka sami masu saye, fangali 8 suka koma 24. A ƙarshen shekarar akwai kaji 40 manya da ƙanana, da awaki 9.

Duk lokacin da za a shigo da wani abu, lissafin ɗaya ne: ai wannan minti 10 ne da safe. Kuma ba ƙarya ba ne, zuba wa zomaye ganye minti 10 ne. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne yanko ganyen, wanke kwanonsu, kwashe kashinsu, ɗinke wayar da suka gwagwiye, da kai-komon da ke tsakanin wannan da wancan.

Aikin safe ya fara kaiwa rana tsaka. Ba a taɓa barin dabba da yunwa ko ƙishirwa ba, domin dabba mai yunwa tana kuka, a ji ta. Abin da aka riƙa ɗagawa shi ne aikin da ba ya kuka: yanke wa awaki kofato, canza musu wurin kiwo, kwashe shimfiɗar akurki, juya tsibin taki, rigakafin kaji, maimai a gonar masara. Kowanne aka ce sai mako mai zuwa.

## Farkon shekara ta 3: a ƙara ƙoƙari

Abin da ya fara zo wa maigidan shi ne a riƙa sammako. Suka koma fita da fitila tun kafin asuba, aka ɗora wa yara ban ruwan fangali 6 kafin su tafi makaranta. Wannan ya ƙaro sa'a ɗaya da rabi a rana, amma ba a ga inda ta shiga ba. Yaran suka fara gyangyaɗi a aji, bayan wata guda aka sauke musu.

Sai uwargida ta rubuta jadawali a kwali ta manna a bango: ƙarfe 6 kaji, 6 da kwata awaki, 6 da rabi lambu, 7 da rabi a wuce gona. Mako biyu ya yi ana dubansa. An rubuta lokutan ne bisa yadda ake so aikin ya kasance, ba wanda ya taɓa riƙe agogo ya ga abin da aikin ke ci. Ban ruwan da aka ba wa sa'a ɗaya yana cin uku. Ranar da akuya ta tsinke igiya ta faɗa lambu kuwa, duk abin da ke ƙasan wannan layin ya rushe. Kwalin ya zauna a bango har ya koɗe.

## Damina ta shekara ta 3: awaki

Awakin sun sake haihuwa daidai faɗuwar ruwa, garken ya kai 13. Tun shekarar da ta wuce aka daina kai su kiwo nesa, ana ɗaure su a wani fili da ke bayan turke saboda ya fi kusa. Ciyawar wurin kullum gajera ce, kullum kuma a jiƙe da raɓa lokacin da ake fito da su.

Mako uku da kankamar ruwa, 'yan awaki suka fara rama, gashinsu ya tashi, suna kwanciya a baya idan sauran sun miƙe. Uwa ɗaya ta kumbura a ƙarƙashin haɓa. Cikin makonni 6 'yan awaki 3 da wannan uwar suka mutu.

Aka sayo maganin tsutsar ciki, ana ɗura wa garken duka kowane wata. Ana kintata nauyin dabba da ido, ana bin ma'aunin tumaki da ke jikin kwalbar, da an gama a mayar da su filin da suka saba. Karo na farko sun murmure. Karo na biyu sun ɗan murmure. A na uku kamar ruwa aka ba su.

A nan aka kira likitan dabbobi. Da ya zo bai fara da magani ba. Ya matse akuya a tsakanin gwiwoyinsa, ya danna fatar idonta ta sama da babban yatsa, ya ja ta ƙasa da ɗaya hannun, ya juya ta wajen hasken rana. Naman cikin fatar, wanda ya kamata ya yi ja, fari ne fat. Ya bi su duka ɗaya bayan ɗaya: uku farare, biyu sun ɗan koɗe, huɗu jajaye sarai. Sannan ya ce a nuna masa inda suke kiwo.

Bayanin da ya yi musu shi ne wannan. Tsutsar da masana ke kira Haemonchus contortus tana zama a ɗaki na huɗu na cikin akuya tana shan jini. Mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai a rana, su fito cikin kashi. Idan akwai ɗumi da laima, ƙasa da mako guda sun ƙyanƙyashe sun zama 'yan tsutsotsin da ke bin raɓa su hau ciyawa, kuma yawancinsu ba sa wuce santimita 10 daga ƙasa. Akuya ta ci, bayan kimanin mako uku su ma su fara zuba nasu ƙwan. Akuya a ɗabi'arta ganyen sama take ci, tana miƙewa a kan ƙafafun baya ta kamo reshe, shi ya sa jikinta bai iya yaƙi da wannan tsutsa kamar na tunkiya ba. Wanda ya ɗaure ta a gajeriyar ciyawa ya sa bakinta daidai inda tsutsar take. 'Yan awaki da uwayen da suka haihu kwanan nan su ne suka fi rauni.

Game da magani kuwa, jikin akuya yana saurin fitar da shi fiye da na tunkiya, don haka ma'aunin tumaki ya yi mata kaɗan. Maganin da bai kai ba yana kashe raunanan tsutsotsi ya bar masu taurin kai, kuma idan garke duka ake ba wa kowane wata, masu taurin kan ne kaɗai ke saura su hayayyafa. A kowane garke 'yan tsiraru ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsar. Ya nuna musu katin FAMACHA, wanda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, aka ba shi suna daga likitan dabbobi Faffa Malan. Launi biyar ne a jiki, daga ja zuwa fari. Ana gwada idon dabba da shi, a ba wa wadda ta koɗe magani, a ƙyale wadda idonta ke ja.

Ya canza musu nau'in magani, ya auna kowace akuya, ya ce a ɗauke su daga filin nan aƙalla wata biyu. A riƙa yanko musu ciyawa bayan raɓa ta bushe, a yanka daga sama, a rataye ko a zuba a kwami mai ƙafa. Mutuwa ta tsaya daga nan. Sai dai yankan ciyawar awaki 9 ya ƙara sa'a ɗaya da rabi a kan wunin da dama ya cika.

## Kaka: ɗan ƙwadago, buhu da akurki

Da girbi ya matso suka ɗauki wani saurayi yana zuwa da safe. Ya rage musu ɗaukar kaya, wannan gaskiya ne. Amma shi zuba abinci aka sa shi, yana zubawa ya wuce, bai san wace kaza ce jiya ta fara fitowa yau ta tsaya a lungu ba. Ladansa yana cinye abin da ƙwai da kayan lambu ke kawowa. Da girbi ya kankama, lokacin da aka fi buƙatarsa, ya koma taya iyayensa nasu.

Masarar da ba ta sami maimai a kan kari ba ta ba da ƙasa da na bara. Wadda aka samu ɗin ma an sussuke ta an ɗura a buhu bayan kwana kaɗan a rana, don ba mai zaman gadin shanya. Masara tana buƙatar laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100 kafin a adana ta. Bayan wata biyu aka buɗe buhun ƙasa aka tarar ya yi fumfuna, aka zubar, domin irin wannan fumfuna na iya ɗauke da gubar afulatoksin da ke lahanta hanta, ba a ba mutum, ba a ba kaza. Waken kuwa ƙwari suka huda shi. Ƙwaron wake yana kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin kusan wata guda, don haka buhun da ya shiga da 'yan kaɗan, cikin wata uku ya zama gari.

Kaji sun riga sun rage ƙwai tun kafin nan. Ruwansu yana ƙarewa da rana tsaka ba wanda ke kusa, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Tsagogin sandar da suke kwana a kai sun cika da ƙuma mai ɓuya da rana ta fito shan jini da dare. Sai cutar Niyukasil ta shigo. Ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta, shi kuma an ɗaga shi sau biyu. Kaji 40 suka koma 17 cikin kwana 10.

## Rani: mako biyu a kwance

A tsakiyar rani, lokacin da ban ruwa ya fi tsanani, maigida ya sunkuya zai ɗora jarka a baro, bayansa ya riƙe. Aka ce ya kwanta mako biyu, kada ya ɗaga komai.

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗaki, daga inda yake yana hango hanyar rijiya. Rana ta farko kallo kawai ya yi, yana ganin uwargida da 'yarsu, wadda yanzu ta kai 14, suna wucewa da baro suna dawowa. Rana ta biyu ya sa aka miƙo masa tsohon littafin makarantar yaran da agogo. Duk wucewar baro ya ja layi. Duk aikin da aka fara ya rubuta lokacin, aka gama ya rubuta. Da yamma 'yar takan zauna kusa da shi ta faɗa masa abin da aka yi a inda idonsa ba ya kaiwa. Kwana bakwai suka yi haka.

Ga abin da littafin ya nuna. A lokacin zafi kayan lambu suna shan kimanin lita 5 a kowane murabba'in mita a rana. Fangali 24 murabba'in mita 120 ke nan, wato lita 600. Dabbobi suna cin wata lita 100: kaza tana shan kusan rubu'in lita, ta ƙara idan zafi ya yi yawa, akuya mai shayarwa lita 4 ko fiye, agwagi kuma shiga ruwan suke su dama shi, sai an zubar an sake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan kullum ana jawo kilo 700 da guga, a ɗura a jarka 35, a tura biyu-biyu a baro, sawu 18, kowane sawu mita 200 zuwa da dawowa. Tafiyar ta haura kilomita 3 da rabi, rabinta da kaya, wani sashen kuma hawan tudu.

Ruwa kaɗai sa'a huɗu da rabi. Yankan ciyawa ɗaya da rabi. Agwagi da zomaye ɗaya. Neman kayan aiki, fartanya tana lambu ana buƙatarta a turke, lauje yana turke ana nemansa a gona, kusan wata sa'ar. Tsayawa a kan dabba a dube ta da kyau bai kai minti 20 ba. Idan aka haɗa da sauran ƙananan ayyukan safe da yamma, jimillar aikin da ba ya ɗaguwa zuwa gobe ta haura sa'a 9 a rana, kafin a taɓa gona, kafin a ɗora tukunya. A cikin mako biyun nan fangali 8 suka bushe, domin mace ɗaya da yarinya ba za su iya ba.

## Daga ƙarshen rani zuwa damina ta 4: gyara

Sun fara da ragewa, kuma shi ya fi yi musu ciwo. Agwagi suka tafi. Zomaye suka tafi, yara suka yi kuka. A cikin awaki 9 aka bar mata 4, aka zaɓe su da abin da aka rubuta na gwajin ido: waɗanda ba su taɓa koɗewa ba su aka riƙe, domin juriyar tsutsa ana gadonta. Aka sayar da bunsuru aka koma aro, wanda ya ba su ikon zaɓen lokacin haihuwa. Ana ƙirga kwana 150 baya daga lokacin da harawa ta wadata kuma aikin gona ya lafa, a kawo bunsurun a ranar. Kaji aka tsayar da su a 15.

Sannan ruwa. Rijiya ba ta matsawa, don haka lambun ne ya matso. Aka yi sababbin fangali 12 a gindinta, aka kwaso ruɓaɓɓen taki aka gyara ƙasar. Aka gina dakali mai tsayin mita 1 a bakin rijiyar, aka ɗora tanki mai cin lita 1,000. Ana jawo guga a juye a tanki, tiyo ya kai ruwan fangali da kansa. Aka lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa kaurin yatsu huɗu, ana ban ruwa da yamma, a ƙoshe shi sosai sannan a tsallake rana. Ruwan lambu ya sauka zuwa kusan lita 200 a rana, kuma ko lita ɗaya ba a ɗauka a hannu.

A wajen turke aka sa wa rufin kwano indararo zuwa tanki na biyu. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi lita ɗaya ce. Rufin nasu murabba'in mita 60 ne, don haka ruwan milimita 20 ya isa ya cika tankin ya yi ambaliya. Ana barin ruwan farko ya wanke rufin ya zube, ana kuma rufe bakin tankin saboda sauro. Da damina ba a zuwa rijiya don dabbobi. Da rani jarka biyu ce, sawu ɗaya.

Ba duk abin da aka gwada a nan ya zauna ba. Sun sa siraran bututu masu ɗigar da ruwa a gindin shuka, amma ruwan rijiyar yana da laka, ramukan suka toshe cikin wata guda, aka naɗe su aka ajiye. Ciyawar lulluɓi kuma ta jawo gara a fangali biyu, sai aka koyi janye ta kaɗan daga jikin shuka.

Awaki aka yi musu dandamalin katako mai tsaga-tsaga, an ɗaga shi daga ƙasa, kashi yana zuba ta ƙasa ba ya haɗuwa da abincinsu. Sharar kullum ta koma kwasar mako-mako. A akurki aka zuba ƙaiƙayi kaurin santimita 15, ana motsa shi da manjagara sau ɗaya a mako, a ƙara sabo idan ya fara laima, a kwashe gaba ɗaya duk wata huɗu a kai tsibin taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka. Sai ya ɗau zafi a tsibi ya huce ya yi baƙi sannan yake shiga lambu. Aka sayi fartanya da lauje na biyu, aka kafa ƙusa a kowane wurin aiki, kowane kaya yana kwana inda ake amfani da shi.

Jadawalin da suka sake rubutawa ba shi da ƙarfe nawa a ciki. An raba aiki gida uku ne. Na kullum, wanda aka yi masa iyaka: kada ya wuce sa'a biyu da safe da ɗaya da yamma, kuma dole ya zama mutum ɗaya zai iya shi idan ɗayan ya kwanta. Na mako, kowace rana da nata guda ɗaya, ana yin sa da zarar an gama na safe, kafin a wuce gona. Sai na kalanda, wanda 'yar ta fari ta ɗauki nauyin rubutawa: duba idon awaki duk mako biyu da damina, yanke kofato duk mako 6 zuwa 8, rigakafin Niyukasil duk wata huɗu. Rigakafin da suke amfani da shi shi ne I-2, wanda aka samar a Jami'ar Queensland ta Ostireliya. Ɗigo ɗaya ne a idon kaza, kuma ya fi sauran jure zafi, abin da ya sa ya dace da masu 'yan kaji a gida.

Da kaka ta zo aka ware kwanakin shanya a kalanda kamar yadda ake ware na girbi. Kafin a ɗura, ana zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bari minti 15. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a mayar rana. Wanda ya bushe yana shiga buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Ƙwarin da ke ciki suna shanye iskar su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Dabarar ta samo asali ne daga binciken ajiyar wake da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi tare da masu bincike a Kamaru.

## Shekara ta 5: inda aka tsaya

Aikin kullum ya zauna a ƙasa da sa'a uku. Damina biyu sun wuce ba akuyar da tsutsa ta kashe, kuma a ta biyun awaki biyu kaɗai aka ba wa magani. An rasa ɗan akuya ɗaya wajen haihuwa. Ana ware 'ya'yan da dare a tatsi uwayen da safe sau ɗaya, da rana a sake su tare, don haka ba wanda tatsar yamma ta ɗaure. Kaji 15 suna ba da ƙwan da ya ishi gidan har a sami na kyauta. Hatsi ya kai sabuwar kaka. Masara ta koma samun noma biyu a kan kari.

An yi asara ma. Kayan lambun sayarwa sun kusa ƙarewa, kuɗin da suke kawowa ya tafi da su. Tanki biyu, katako da tiyo sun cinye abin da aka samu a awakin da aka sayar. Bayan maigida bai koma yadda yake ba, har yau ba ya ɗaga jarka cike.

## Me ya yi aiki, kuma me ya sa

A ganina, sammako da jadawali da ɗan ƙwadago duk sun faɗi ne a kan abu ɗaya: sun ɗauka aikin daidai yake, hannu ne ya yi kaɗan. Littafin nan ya nuna fiye da rabin wunin ɗaukar kaya ne daga wuri zuwa wuri, kuma wannan ba ƙwazo ke maganinsa ba, sai an matsar da wuraren. Maganin tsutsa na wata-wata shi ma haka ne, an sayi kwalba ne a madadin minti 15 na canza wurin kiwo, kuma kwalbar ta bar su da tsutsar da ba ta jin magani.

Duk babbar asarar da gidan nan ya yi, awaki 4, kaji 23, buhunan hatsi, ta fito ne daga aikin mako da na wata, babu wadda ta fito daga aikin kullum. Wannan shi ne abin da nake so mai ƙaramar gona ya tsaya a kai. Wanda ke aiki daga asuba zuwa dare yana jin ya sauke nauyi, kuma ba mai iya ce masa malalaci, amma kofato da rigakafi da shanya suna can suna jira ba su da bakin kira. Iyakar sa'a uku ita ta buɗe musu wuri. Ba don ita ba, da kalandar ma ta koɗe a bango kamar kwalin farko.

Ragewar na fi ba wa muhimmanci a kan tankunan, ko da yake tankunan ake fara nuna wa baƙo. Da sun sa tanki sun bar fangali 24 da awaki 9 da agwagi, da lokacin da aka samu ya sake cikewa. Ina kuma ganin sun makara wajen kiran likita. Da ya zo a makon farko da 'yan awaki suka fara kwanciya, da wataƙila uwar nan ta rayu.

Akwai wuri ɗaya da har yanzu gonar ke da rauni. A watanni biyun ƙarshe na rani harawar wake da ta gyaɗa tana ƙarewa, neman ganye ya koma cin sa'a guda da ɗori, iyakar sa'a ukun ta karye. Sun dasa layi biyu na itatuwan da awaki ke cin ganyensu a jikin danga, kusa da turke, amma sai sun shekara biyu kafin a fara sara. 'Yar ta fari kuma, mai riƙe da kalanda, saura shekara guda ta tafi karatu nesa da gida, don haka tun bana ta fara tafiya da ƙanenta na biye duk ranar duba ido, shi ke riƙe kati yana faɗin lamba, ita tana rubutawa.